Ambulan Ma'aji

An tashi sujada, ƙafafu sun watse,
saura ni da kwanon baiko a ɗakin baya,
sai Yashim, yaron da dattawa suka haɗa ni da shi
wai ya koyi ƙidaya.
Shekara ashirin jakar ikilisiyar nan ta Narayi tana hannuna,
tun da masaƙa ta rufe a Kakuri ta bar ni da rigar aiki.
Ko kwabo bai taɓa yin ciwon kai ba.
Ban ce ina neman mataimaki ba.

Ni da hanci nake ƙirga.
Wannan ɗari biyu mai ƙaurin kifi, Mama Zugwai ce ta kasuwar Sabo.
Wannan mai baƙin mai a kunne, Bobai bakanike.
Hamsin ɗin nan da ta nannaɗe ta yi laushi
a bakin zane ta kwana.
Na san gwauruwar, ba zan kama sunanta ba.

Tun Ista matasa suka kawo takarda:
keken ɗinki uku, injin aski ɗaya,
don 'yan'uwansu da suka gama makaranta
suke gadin inuwar mangwaro a bakin titi.
Na danne ta da littafin lissafi.
Na ce rufi na yoyo,
damina kuwa ba ta jiran yaro ya koyi ɗinki.

Muka zo kan zakka.
Ni na rubuta abin da ke bayan kowace ambulan,
shi yana farkewa yana tarawa.
Da muka haɗa, takarda da tebur suka ƙi gaisawa.
Dubu biyu ta yi ƙafa.

Na lashi yatsa na sake.
Na sake.
Bakina bai ce komai ba, idona ne ya tafi aike:
ya tsaya a aljihunsa,
ya sauka kan sabon takalminsa ya daɗe.

Yaron ya gani.
Ya juye aljihu biyu a kan tebur, ba wanda ya sa shi:
makulli, ɓawon gyaɗa, tsinken gitar ƙungiyarsu,
naira ɗari ta komawa Unguwar Boro.
Zufa ta karyo mini.
Na kai hannu ƙirji neman hankici,
sai yatsuna suka taɓa takarda biyu, sababbi, a ninke,
waɗanda na goge da hannuna tun asuba
na ce na Ubangiji ne.

Sai ya ɗaga kwanon a hankali.
Ga ambulan a ƙarƙashi, ya ɓoye ta,
D. Kambai a bayanta, rubutuna, mai dogon wutsiya.
“Baba, na buɗe na ga wayam.
Na rasa bakin faɗa.
Na ce ko in cika daga baya, in Allah ya hore.”

Wanda na tuhuma da ido
ashe zane ya miƙa yana rufa mini baya.

Ya Mai garke, ka ba ni jaka na tsare,
ka ba ni yara na ƙirga su cikin asara.
Kuɗi na san warin kowanne,
wannan da ke gabana ban san ko sunan uwarsa ba.

Na zaro takardarsu, kan ta ya yi shatin littafi.
Ban yi alkawari ba, kwamiti sai Laraba,
amma na sa ta a sama.
Na tura masa biro: rubuta jimla.
Bakwai ɗinsa ta karkace kamar lauje.
Na buɗe baki, na rufe.

Hadari ya haɗo daga gabas,
ɗigon farko ya faɗo daidai tsakaninmu.
Muka kwashe kuɗin a jaka,
ya jawo kwanon baiko ya tara wa ruwan,
muka zauna muna ji yana cika.