Inda Ba a Sosawa

Ƙarfe uku na dare a Houston,
daga ni sai firiza muke ido biyu.
Na durƙusa gabanta kamar mai neman gafara,
na zaro ledar koren wake da ya daskare,
na ɗora a damtse.
Sai gari ya yi tsit.

Tsakanin gwiwar hannu da kafaɗa
akwai unguwar cinnaku
da ido bai taɓa gani ba.
Ba ƙurji, ba kirci, ba borin jini.
Fata sumul,
ban da layukan da farcena ya rubuta,
wasiƙun da ba a taɓa amsawa ba.

Tasalla ta sauya sabulun wanki sau huɗu,
ta zubar da zanen gado,
ta daina gaisa da kyanwar maƙwabta.
Yayata ta aiko man kaɗanya daga Gusau
da wani gari a ƙulli,
ta ce a shafa da asuba.
Na shafa. Cinnaku suka yi walima.

An ce ƙaiƙayi koma kan masheƙiya.
Na zauna na bi shekaruna ɗaya bayan ɗaya:
me na sheƙe?

Likitan bai ko kalli hannun sosai ba.
Hoton wuyana ya ɗaga a haske,
ya sa bakin biro tsakanin ƙashi biyu:
"Nan ne. Jijiya ce ta matsu,
take aika wa hannu labarin ƙarya."
Ashe shekara biyu cur
na bar jaki ina dukan taiki.
To yaya ake sosa wuri
da ke can ciki, inda yatsa ba ya kaiwa?

Da rana ina tuƙa motar rabon kaya,
hannun hagu a jikin taga.
Ni da na yi noma tsirara-baya a Ƙauran Namoda,
yau ranar Texas nake ɓuya wa
cikin riga mai dogon hannu, a watan Agusta.
Abokan aiki na dariya. Nakan taya su.

Mafi wuya ranar Juma'a,
in an tayar, hannu bisa hannu,
liman ya ɗauko doguwar sura,
wutar ta taso daga gwiwa.
Allah na gani, nakan cije leɓe
har a kai ruku'u.

Ƙwayar dare tana rage shi,
ta bar ni da nauyin kai har hantsi.
Ramlatu ke yanke min farce duk Lahadi,
ƙasa-ƙasa, tana harara ta
kamar ni ne ɗan, ita ce uwar.

Waken ya fara narkewa,
ruwa na bin hannu zuwa tafi.
Wataƙila in samu barcin awa biyu.
Zan mayar da ledar, sai na ga rubutu a jiki,
hannun Tasalla ne, da baƙin alƙalami:
"Na Baban Ramla. Kada a dafa."