Kujera Uku, Teku Ɗaya

Ofishinmu na Ikeja, hawa na biyu,
janareta na tari a bayan gida.
Ni ce Hansatu mai yankan tikiti,
shekara tara ina sayar da sararin sama,
ƙafata ba ta taɓa rabuwa da ƙasa ba.

Da hantsi Alhaji Sahabi ya hawo,
yana kirga matakala da sandarsa,
dillalin albasa na Alabar Rago,
turarensa bai gama cin ƙarfin sana'arsa ba.
Ya ce, "'Yan mata, Amurka za ni.
Duba min kujerun gaba, na 'yan kasuwa,
gwiwar nan ta daina yarda da lanƙwasa."

Na juyo masa fuskar kwamfuta.

Na farko ba ya ratse.
Ku tashi Legas bayan isha'i,
ka danna maɓalli, kujera ta miƙe ta zama gado,
a rufa maka bargo, teku ta wuce kana minshari.
Awa sha biyu da ɗoriya, sai sauka.
Kuɗinsa? Na faɗa a hankali.
Ya ce, "Tirela guda ke nan, har da ladan 'yan dako."

Na biyu ta Turai yake bi.
Akwai rangwame, akwai jira,
ɗakin hutu mai ruwan zafi da shayi kyauta.
Sai dai kujerun bibbiyu ne:
in alwala ta kama ka tsakar dare
sai ka tsallake ƙafafun baƙo.
Ya ce, "Ban tsallake mutum a kasuwa ba,
ba zan fara a cikin gajimare ba."

Na uku, Alhaji, ban so ma in nuna ba.
Gabas yake fara yi kafin ya juyo yamma,
kamar mai zuwa Badagiri
ya ce sai ya gaida Ikorodu tukuna.
Kwana da wuni.
Amma kowace kujera da ƙofarta,
ka ja, ka zama kai kaɗai,
da dabino, da gahawa,
da allo mai nuna maka alƙibla.

Ya yi shiru har janareta ya canza murya.
"Ƙofar tana rufuwa sosai?"
Na ce iya kafaɗa, amma tana rufuwa.
"Yanka min shi."

Na ce, ranka ya daɗe, gwiwar fa?
Ya ciro waya, ya nuna min jariri
cikin hular ulu, ido a rufe.
"Takwarana ne. Ɗan Haladu.
Shekara sha ɗaya ban ɗaga wa ubansa waya ba,
a kan wata magana da ni na fara.
Awa sha biyu ta yi min kaɗan.
Ina son hanya mai tsawo,
in jera abin da zan ce, in rushe, in sake jerawa.
In kuma ido ya ci amanata,
kar wani Bature ya miƙo min hankici."

Na buga sunansa harafi harafi.
Kujera ta huɗu, gefen taga.

Da yamma na shiga danfo zuwa Agege,
mu huɗu a bencin mutum uku,
gwiwata a bayan wani, kwandon wata a cinyata,
ruwa na shigowa ta tagar da ba ta rufuwa.
Wani jirgi ya taso ta kanmu,
ƙararsa ta haɗiye ihun kwandasta.

Yayata Barira tana Idi-Araba.
Ba teku, ba biza,
mota biyu ce kawai in ba cunkoso.
Tun rabon gadon Baba ban taka ƙofarta ba.

Na lalubo lambarta, na daɗe ina kallo.
Kwandasta ya ce kuɗi.
Na biya.
Wayar na hannuna har muka wuce Mangoro.