Sakata

Bindigar Baba Kyari ta girme ni,
ta girmi rijiyar gidanmu a Birni.
Da ita ya dawo daga soja, in ji mutane.
Shi dai bai taɓa cewa uffan ba.
Ƙotarta ta yi baƙi da gumin hannu,
ta tsage a gindi, an ɗaure da fatar akuya.

Daren Alhamis yakan zare sakatarta,
ya shafe da man keken ɗinkin Inna Yagana,
ya mayar.
Ɗaga, ja, tura, kwantar.
Ƙaras, ƙaras,
kamar mai kulle ɗakin hatsi.

Shekarar da gashin baki ya fara tsiro mani
ya ce in ɗauko salka in biyo shi.
Muka bar duwatsun Damagaram suna barci,
muka hau bayan motar 'yan rake,
muka sauka bayan Dogo, sauran tafiya a ƙafa
har inda fadama ta haɗiye hanya.

Can ba ka ganin taku goma gabanka.
Sarƙaƙiya ta riƙe mani riga kamar mai bin bashi,
gumbi ya sa hannu a ƙwaurina,
geza da kalgo sun haɗa kai.
Doguwar bindiga ba ta son kurmi,
bakinta na gaisawa da kowane reshe,
sai ka rungume ta kamar jinjiri, ka sunkuya.

"Harbi ɗaya gare ka," ya raɗa mani.
"Kafin ka ja sakata ka tura na biyu,
gada ta sha ruwa a Magariya."

Ya nuna mani sawu, tsage biyu cikin laka,
da kashi ɗanye, ƙanana kamar 'ya'yan magarya.
Sannan, abin da bai taɓa yi ba,
ya miƙo mani ita.
Nauyinta ya ba ni mamaki.

Muka duƙa har ƙafata ta mutu.
Sauro ya yi walima.
Can sai sabara ta motsa,
wani abu ja-ja, daidai tsayin gada,
ya gilma tsakanin ganye.
Zuciyata ta hau maƙogwaro,
yatsana ya riga hankalina isa.

Hannunsa ya sauka bisa bakin bindigar,
a hankali, kamar mai kwantar da kan ɗan maraƙi,
har ta kalli ƙasa.

Sabara ta buɗe.
Yarinya ce, da jan kallabi,
ta sunkuya tana yankan kaba,
tana ƙunƙuni ita kaɗai.
Ba ta ma gan mu ba.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi.
Ya karɓa, ya ɗaga, ya ja,
harsashin ya faɗo tafinsa da rai.
Ya sa mani shi a aljihu.
"Ganye ba nama ba ne," ya ce.
"Sai ka ga kunne, ka ga ido, ka ƙirga ƙafafu."
Muka koma gida da ƙaya a tafin ƙafa,
Inna ta yi miyar kuka babu ko ƙashi.

Yau fadamar nan albasa ce da rake,
injin ban ruwa na tari inda muka duƙa.
Bayan rasuwarsa na kai bindigar wurin jandarma,
wani yaro mai kaki ya juya ta yana dariya,
ya ba ni takarda mai hatimi.

Harsashin kuwa na manta da shi da gangan.
Yana cikin gwangwanin shayi, ya yi kore.
Yarinyar, in tana raye, ta yi jikoki,
ba ta san tana bin wani tsoho godiya ba,
ba ta san sunana ba, alhamdu lillahi.

Kowane dare, in na tura sakatar zaure,
ƙaras,
sai in tsaya kaɗan cikin duhu,
hannuna bisa ƙarfen,
ina ƙirga ƙafafu.