Kashi Sittin Cikin Ɗari

Ƙarfe huɗu na asuba a Lawanti,
ko jirgi ɗaya babu a fili,
daga ni sai fitilar ofis da shayin da ya huce.
Na buɗe taswira uku a na'ura,
kowace da irin bakinta.

Ta farko ta ce sanyi ya ɗaure kaya,
yana bayan Agadas,
kwana tara ya sauka a bakin Gongola.
Ta biyu ta ce ina, sai watan gobe ya raba.
Ta uku mai kunya ce,
ta shafa shuɗi kaɗan a kan Dadin Kowa ta janye hannu,
kamar mai sa gishiri a miyar da ba tata ba.

Waya ta yi ƙara. Na san mai kira.
Baffa Gidado ba ya doguwar gaisuwa
in dai iri na cikin buhu.
"Ladiyo, in zuba alkamar nan ko in jira?"

Na ce, Baffa, kashi sittin cikin ɗari
ɗari zai zo da wuri.
Shiru.
Ina jin kwaɗin dam ta bayansa.
Ya ce, "To sauran arba'in ɗin fa,
a gonar wa za su kwana?"

Me zan ce?
Shekara biyar na yi ina koyon lissafin iska,
yadda ake auna nauyin abin da ba a gani,
amma ba a koya mini yadda ake faɗa wa uba
"wataƙila" ba,
uban da ya sai da bijimi ya sayi injin ban ruwa,
ya ci bashin taki a wurin surukinsa.
Alkama ba ta san wataƙila ba.
In ba ta sha sanyi tana ƙarama ba,
sai ta yi tsawo, ta yi kyau a ido,
a buɗe zangarniya a tarar da wayam.
Bara haka ta yi mana. Ni ce na ce a zuba.

Shi ma yana da taswirorinsa.
Gawon bakin hanya ya fara sabon ganye.
Man kaɗe ya soma ƙin yatsa a kwanon Inna Dudu.
Gwiwar da ya buga a kan babur a Hinna
tana masa magana tun shekaranjiya.
Su ma ba su daidaita ba:
ruwan randa bai fara cizon haƙori ba tukuna.

Na ja taswirar sama, can ƙurya,
inda ƙasashe suka yi fari fat.
Na tuna ranar da na ce masa sunanta dusar ƙanƙara,
ya yi dariya har hula ta faɗi:
"Dusa daga sama, kyauta?
Shanun mutanen nan sun huta."
Can ma, na sani, akwai wata irina a farke,
taswira uku na mata gardama,
wani tsoho na jira a waya.

Na ɗauki tocila na fita
zuwa farin akwatin da ke tsaye a ciyawa.
Goma sha bakwai.
Jiya sha takwas ne.
Ɗaya tak, amma na ji shi a wuyan hannu
inda mayafi bai kai ba.
Na rubuta a littafi, na sa hannu.

Hantsi ya yi, ƙanena Barkindo ya kira.
Ya ce Baffa ya fita tun kafin rana,
ya ƙirga fangali da sandarsa,
ya zuba iri a guda sittin.
Arba'in ya bar su a bushe,
ya ɗaure bakin buhu, ya zauna a kai,
ya ce a gaya wa Ladiyo
ya bi maganarta daidai,
sauran kuma yana jiran gwiwarsa ta gama magana.