Kusa Ta Huɗu

A rumfata ta Sabon Garin Maraɗi,
tsakar bazara, kwanon rufi na toya kai,
Tsahiru ya dire mini katin hoton injinsa:
"Da na soma zane sai ya suma."

Na buɗe.
Datti ya yi saƙa tsakanin haƙoran ƙarfe,
tsohuwar fanka ta ƙage.
Na hure, na goge,
na ɗiga farin mai, ƙwayar gero, ba ƙari,
na kwantar da ƙarfen shan zafi
kamar tafi a goshin mai masassara.

Sabuwar fanka ta Ɗan Isa ta shigo.
Ramunta huɗu, kusoshina uku.
Ta huɗun ta gangara ƙarƙashin tebur,
muka durƙusa, gemu biyu, muna lalube.
Ƙasa ta haɗiye ta.
Na yanko roba a tsohon tayan kabu-kabu,
na ɗaure kusurwar tam.

Na soka waya, na yi bisimilla, na danna.
Fikafikai suka juya sau uku,
kuran ya ɗauke.

Tsahiru ya yi dariya har hawaye.
Muka ɗora shayi.
Kwalin fankar na yaga biyu,
na miƙa masa rabi,
muna fifita.