Mai Tsaron Sunaye

Ɗakina yana bayan ɗakin awo,
inda kukan jarirai ke iso ni a gajiye.
Ba ni da farar riga, ban taɓa riƙe allura ba.
Bik nake riƙewa, da wata ordinatar
da sai ta yi tari kafin ta tashi.
Ni ne Tsahiru, haihuwar Bagalam,
shekara goma sha ɗaya ina ƙirga ciwon Maraɗi.

Zazzaɓin damina ni ke fara sanin yawansa
kafin manya su karanta shi a Yamai.
Wanda ya zo, wanda ya warke,
wanda aka fitar ta ƙofar baya a lulluɓe,
kowa na da layi a hannuna.

Ƙarshen wata waya kan yi ƙara.
Kafin in kai bakin banki an gama fiɗa:
mai gidan haya ya ɗauki kai,
buhun hatsi ya ɗauki ƙirji,
kabu-kabu, wutar lantarki, lakwal ɗin yara,
kowa ya yanki nasa.
Ni da na yi kiwon, wutsiya ce rabona.

Lawali da muka goge benci ɗaya
ya hana idonsa barci, ya koyi sarrafa alƙaluma.
Yau wata ƙungiya ta kai shi Dakoro,
farar mota, albashi uku bisa nawa,
kwantiragin shekara biyu, bayan nan Allah masani.
Ya ce, taho. Na ce, bari in gani.
Bari in gani ta ci damina huɗu.

Daren wata Talata aka ɗauke wuta.
Dije ta zo daga Jiratawa da yaro a kafaɗa,
jiki kamar garwashi, wuya ya saki.
Katinsa? Ruwan gulbi ya tafi da shi bara.
Likita ya riga ya zuƙi magani.
Sunan ne ya tsaya mini a kunne: Nomau.
Na shiga tsakanin kantoci da fitilar waya,
ƙura a hanci, gara ta ci gefen takardu,
sai ga shi, shekara uku baya,
jan bik, rubutuna:
wannan magani ya taɓa kumbura shi.

Likita ya aje allura, ya ɗauko wata.

Bayan sati Dije ta dawo da ƙwan zabi
a ƙwarya, ta miƙa wa likita.
Ta wuce ƙofata, ba ta san akwai mutum ciki ba.
Ban ji haushi ba. To, na ɗan ji.

Jiya Baraka, ɗiyar ƙanwata, ta tare ni:
Kawu, in karanci aikinka?
Na daɗe ina juya shayi.
Na ce, ba za ki gina bene a Ali Ɗan Sofo ba,
ba dai da farko ba.
Amma takarda na mutuwa, na'ura na tasowa,
kuma na'ura ba ta san ƙarya daga gaskiya ba
sai an samu mai gaya mata.
Hanya siririya ce, amma tana hawa:
daga wannan ɗaki zuwa gunduma, zuwa jiha,
in kin ƙi zama inda na zauna.
Ki koyi lissafi. Ki iya rufe baki,
ciwon mutum ba hirar bakin famfo ba ne.
Kuma ki rubuta suna daidai:
Sani Abdu bakwai gare ni a kanta ɗaya,
jinin kowa daban.

Ta ce, kai fa, Kawu?

Yau da safe na karɓo takardar shiga gasa.
Na cika ranar haihuwa, na cika unguwa.
Da na zo gurbin suna hannuna ya tsaya.
Dubban sunaye sun bi ta bakin bik ɗin nan,
bai saba da nawa ba.