Awon Allo

Shekara ashirin da bakwai ina auna mutane
a rumfata ta Kasuwar Barci:
kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu,
wuyan da ya ƙaru bayan aure,
ƙugun da azumi ya rage.
Yau kuma allo zan auna.

Mamuda ne ya aiko shi daga Legas,
ya ce, "Baba, littattafanka sun gaji."
Da gaskiyarsa. Damunar bara ruwa ya keto kwanon rumfa,
awon mutum ɗari uku ya narke a dare guda,
sunaye suka koma tabon shuni.
Na bi gida-gida da tef a wuya
kamar mai bin bashi.

To ga allon, siriri kamar kwalin cikin sabuwar riga,
fuskarsa fari-fari irin na akoko.
Alƙalaminsa ba ya shan tawada,
sai ƙus-ƙus, kamar fensir a kan takarda.
Ba ya kiran kowa, ba mai kiransa,
ba ya kawo mini rigimar duniya ina tsakiyar yanka.
In rana ta take, waya ta makance,
shi sai ƙara fitowa yake.
An ɗauke wuta kwana tara a Tudun Wada,
fanka ta yi shiru, keken lantarki ya kwanta,
shi ko gezau.
Malam Tanimu ya zo neman awonsa na babbar salla,
na taɓa sau biyu, ga shi nan,
har da aljihun da ya ce a zurfafa.

Amma ɗinki, sai an juya bayansa.

Madam Kuyet ta taso daga Kakuri da atamfa uku,
na zana mata salo, ta leƙa,
ta ce, "Ina jan? Ina ruwan goron?"
A allon nan shuɗi toka ne, kore toka ne,
ruwan hoda ma toka ce mai ladabi.
A littafi nakan yanki ƙyalle
in soke shi da fil kusa da sunan mai kaya.
Nan in na soka, na soki kuɗin keke biyu.
E, na tambayi farashinsa.
Mamuda ya yi ta kwana-kwana kafin ya faɗa,
ni kuwa sai da na nemi wurin zama.

Ba shi da gaggawa.
Kafin ya juya shafi sai ya ƙifta ido,
wani sa'in rubutun jiya na leƙowa ƙarƙashin na yau
kamar alli bai gama fita daga shadda ba.
Bakin alƙalamin yana cinyewa;
na zaga Babbar Kasuwa neman wani,
wani yaro ya miƙo mini allurar keke yana dariya.
Ba halin in yagi gefen shafi in aiki Ɗanliti sayen zare,
ranar kuwa da ya aje dutsen guga kusa da shi,
sai da gabana ya faɗi.

Littafin mahaifina na nan a ƙasan akwati,
awon mutanen da suka riga mu gidan gaskiya,
da tabon goro a shafi na sha ɗaya.
Bai taɓa neman caji ba.
Wannan fa, bayan shekara arba'in,
wa zai tashe shi?

Yanzu lambobi na allo ne,
ƙyalle da launi na littafi,
suna kwana a aljihun tebur ɗaya,
na sa ragowar yadi a tsakaninsu.

Jiya bayan isha Mamuda ya bugo:
"Baba, ya yi maka?"
Na ce kafaɗa ta zauna,
hannu ne ya ɗan gaza.